Ruwan Kwana Takwas

A ƙauyenmu, gindin duwatsun Zagros,
ba mai shuka badam ɗin dutse.
Shi ke zaɓar tsagar da zai zauna,
inda akuya ma sai ta yi shawara kafin ta ɗora kofato.
Ba shi da inuwar da za a ba baƙo.
Rassa ne kawai, sirara, tsanwa,
kamar tsintsiyar da aka kafa kanta na kallon sama.

Amma bari ƙanƙara ta fara narkewa.
Kafin ganye, kafin ciyawa,
kafin mata su kakkaɓe darduma don Nauruz,
sai a wayi gari tudu ya yi fari fat,
da ɗan ja a bakin kowane fure
kamar kunnen jinjiri.

Babana Yadulla bai taɓa yi masa kallon arziki ba.
"Ado kamar ango," in ji shi, "ƙwaya kamar hukunci."
Nasa lambun na kwari, layi-layi,
badam mai zaƙi, ɗan gata,
ga rijiya, ga injin da aka ciwo bashi.

Innata Gulnisa ce ke hawa,
ƙarshen zafi, da buhu a kafaɗa.
Ta dawo hannu duk karce,
da ƙwayoyin da ba su wuce farce ba.
Ta fasa da dutse, ta zuba a tulu,
ruwa da gishiri,
ta tsiyaye da safe, ta tsiyaye da yamma,
kwana takwas.
Ruwan da ta zubar bayan ɗaki
ko kaza ba ta kusantarsa.
Na ce, Inna, wannan wahala fa?
Ba ta ɗago ba.
"Ɗaci ba a yi masa faɗa," ta ce,
"ruwa ake sauya masa."

Sai sama ta ɗauke kai shekara uku.
Rijiya ta yi ta gudu ƙasa, muna bin ta da bututu,
har inji ya koma tarin iska.
Lambu ya bushe a tsaye.
Wani mai mota ya zo da sikeli
ya saye shekara ashirin ɗin babana a kuɗin itacen girki.
Daga ranar Baba ya daina gardama,
mu kuwa gardamarsa ce agogon gidan.

Da sanyi ya juya baya,
tudu ya sake yin fari,
ko kunya babu.

Baba ya daɗe a bakin ƙofa yana kallo.
Ya wasa wuƙa.
Ya yanko tsirgai daga itace ɗaya da ya rage da rai,
ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma,
ya ce in riƙo zare.
A can sama, gwiwarsa na rawa,
ya tsaga reshen ɗan dutse, ya cusa ɗan lambu,
ya ɗaura musu aure.
Na ji ya yi magana ƙasa-ƙasa.
Ban sani ba ko addu'a ce, ko ban haƙuri.

Arba'in muka ɗaura, sha ɗaya suka kama.
Kowane gindi an bar masa reshe guda na asali,
sharaɗin Inna ke nan,
wai kada a aure mutum a raba shi da sunansa.

Yanzu tasi nake ja a Shiraz.
Inna ta kwanta dama, tulun na wurin ƙanwata Mahruk.
Duk shekara tana aiko mini da ƙulli,
sai dai ita gaggawa gare ta,
kwana biyar take tsamewa.
Cikin goma, ɗaya kan zo da halinta.
In na ci karo da ita a gaban jar danja,
na baya na ta matsa oda,
ba na tofarwa.
Taunawa nake, a hankali.